Maɓallai Uku na Malam Dikko

Da hantsi aka kai rahoto ofishin 'yan sanda na Tambuwal: an sace kwamfutar Malam Dikko, makahon malamin nan na bakin kasuwa.

Sufeto Na'iya ya duba ɗakin. Ba a fasa ƙofa ba, ga waya da rediyo ba a taɓa ba.

"Makaho da kwamfuta?" ya tambaya.

Ummulkulsum, 'yar Malam, ta ce, "Ni na shirya mai. Na ɗiga ƙaro bisa maɓallai uku don ya lalubo su. In ya danne su tare, sai karatun kakanmu marigayi ya buɗe. Muryarsa babu ta ko'ina sai nan. Sati mai zuwa za mu tura wa ɗalibai a waya."

"Wa ya san maɓallan?"

"Ni da Baba."

Maccido, ƙanin Malam, yana tsaye bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, ni ko kunna abin ga ban iya ba."

Washegari aka gano kwamfutar a Kebbe, a shagon wani mai gyara, Ɗanmaliki.

"Sakkwato na sayo ta," Ɗanmaliki ya ce wa Sufeto.

"Wurin wa?"

Sufeto ya ɗora ankwa kan tebur.

"Wani ya kawo ta, ya rufe fuska da rawani. Ya danna wani abu, muryar tsoho ta fito, ya ce in goge ta duka, in riƙe kwamfutar ladana. Na goge. Har ƙaron na kankare."

Sufeto ya dawo Tambuwal da kwamfutar, ya kira Maccido ofis, shi kaɗai.

"Albishirinka. Mai gyaran ya ce bai gama gogewa ba. Sai dai na rasa ta inda ake buɗewa. Jira in kira yarinyar."

Ya fita, ya tsaya jikin taga. Maccido ya waiga, ya jawo kwamfutar. Yatsunsa uku suka sauka daidai inda ƙaron yake a da. Manhajar karatun ta buɗe, babu komai a ciki.

Sufeto ya shigo, Malam Dikko da 'yarsa na biye.

"Wanda bai iya kunnawa ba," in ji Sufeto.

Maccido bai musa ba. Ya dubi yayansa.

"Kullum kana saurare ina bayanka, Yaya, ina kallon hannunka. Ka san abin da ke ciki. Kowane darasi sai Babanmu ya tsaya ya ce, 'Maccido, kai dai kanka dutse ne,' ɗalibai na dariya. Yanzu ni ka jan salla a unguwa, 'ya'yana sun girma. Shi za ku tura wa duk gari?"

"Da ka faɗa mini," in ji Malam, "da an yanke wurin."

"Ka taɓa jin wurin ya dame ka?"



Wani kofur ya sa wa Maccido ankwa, ya fita da shi.

Malam Dikko ya miƙa hannu yana laluben maɓallan, bai sami ƙaron ba. Ummulkulsum ta kama yatsunsa ta ɗora masa. Ya danna, ya karkata kunne.

"Ƙara sautin," ya ce.

"Baba, sautin ya kai ƙarshe."