Makiyayin Gauraki

Rana ta faɗi, hasken da ya rage a tsakar gidan bai wuce na gane fuska ba. Matar gidan tana kwashe shanya, 'yarta Auta tana wanke-wanke a bakin rariya. Maigidan, wanda unguwa ke kira Mai Zobe, yana kan tabarma da tarin takardunsa, yana ta tsaki shi kaɗai. Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙwas! Ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban tabarmar.

"Yaran nan da jifa," in ji matar, ko juyowa ba ta yi ba.

Ba dutse ba ne. Ɗan zobe ne na ƙarfe, da lamba goma sha bakwai a jikinsa. Mai Zobe ya san shi, don shi da Auta suka sa shi a ƙafar wani gauraka shekara biyu da suka wuce. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne zoben a rufe yake gam, yadda filaya ta matse shi, ba a ɓalle shi ba.

A bayan gari akwai wata fadama mai tafki, inda gauraki ke sauka su yi sheƙa duk shekara. Masu haƙar yashi sun daɗe da sa mata ido. Shi ya sa Mai Zobe da wani tela da tsohon malamin makaranta suka kafa 'yar ƙungiya, suna neman hukuma ta rubuta cewa fadamar ta jama'a ce da tsuntsayenta, ba a haƙa, ba a yanka filaye. Shekara bakwai ke nan suna zarya a ofishin filaye. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce fayil ya ɓata, jibi a ce su kawo hujja cewa tsuntsayen nan dai su ne ke dawowa, ba wasu ba. Haba jama'a! Gauraka zai yanki katin shaida ne? Amma Mai Zobe ya haɗiye fushinsa, ya samo zobba masu lamba. Yana riƙe tsuntsu, Auta tana matse zoben, don idonta ya fi nasa. Arba'in da ɗaya suka sa. A ƙarshe dai ofis ya aiko takarda cewa jami'ai za su zo ranar Alhamis ta sama su gani da idonsu.

Washegarin faɗowar zoben farko, da magariba, zobba tara suka faɗo. Rana ta uku kuwa kamar ƙanƙara, har kaji suka ƙi shiga akurki. Da aka yi shiru, sai suka ga Auta tsaye a tsakiyar gida a kan ƙafa ɗaya, wuyanta a miƙe, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa. Tana ƙirga da wata murya mai kauri, ta tsohon namiji. Ɗaya, biyu, uku, har arba'in da ɗaya, sannan ta koma farko.

"Auta," in ji uwar a hankali. "Auta, ni ce."

Ko kallonta ba ta yi ba. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci ba, ruwa ma sai an ɗura mata. Da rana tana kwance kamar tsumma, ido ya faɗa. Rana tana faɗuwa za ta miƙe a kan ƙafa ɗaya. An kai ta asibiti, an auna, an ce ba a ga komai ba. Mai Zobe ya ji wannan maganar har cikin ransa, don shekara bakwai ke nan ana gaya masa irinta.

Ranar Litinin aka ɗauko Malam, wani dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Ya zauna a ƙofar ɗaki bayan sallar magariba, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko kukan gyare babu. Karatun ya yi nisa kafin yarinyar ta juyo da kanta gaba ɗaya.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi ne ni. Garkena aka yi wa shaida."

"Wane garke?"

"Tambayi mai gidan. Shi ya riƙe, wannan hannun ya matse." Aka ɗaga hannun Auta na dama. "Ina kiwon gaurakin nan tun kakan kakansa bai san hanyar tafkin ba. Wanda ya sa wa dabba shaida, ai cewa ya yi tasa ce."

Mai Zobe ya matso da gwiwoyinsa. Wallahi a lokacin takaici ya fi tsoro yawa a ransa. "Bawan Allah, ba sata na yi ba! Kare su nake yi. Idan ba a sa hannu a takardar nan ba, tifofi za su shigo, ba tafki, ba sheƙa. Ni da kai abu ɗaya muke so."

"Takarda," in ji muryar, ta yi wata dariya busasshiya. "Sai takarda ta yarda sannan tsuntsu zai sha ruwa?"

"Haka abin yake yanzu. Ni na tsara shi? Shekara bakwai ina fama! Ka bar su zuwa Alhamis kawai, mutanen su gan su. Na yi maka alkawari ba zan ƙara taɓa ko gashinsu ba."

"Alkawari. Tafki uku na baro kafin wannan, kowanne da alkawarinsa. Yanzu gidaje ne a kansu. To, ji nan. In kana so garke ya kwana uku, ni ma zan kwana uku a nan inda nake, don in tabbata ba za ka ci amana ba. In kuwa ka ce in fita yanzu, zan fita, ba zan dawo ba. Amma makiyayi ba ya tafiya ya bar dabbobinsa."

Malam ya dubi yarinyar, ya dubi leɓɓanta da suka tsage, ya sunkuyo wajen Mai Zobe. "Ba ni da tabbacin jikin nan zai kai Alhamis. Zan iya matsa masa da karatu, amma duk ta inda ya fita, da su zai tafi. Magana tana wajenka."

Mai Zobe ya ja numfashi. Idonsa ya sauka a kan fayil ɗin da ke gefen tabarma, wanda gefensa ya yi baƙi saboda riƙo. Matarsa tana tsaye a jikin bango, tana kallonsa.

"Fita," ya ce. "Ka fita ka bar mini 'yata."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa, uwar ta tare ta. Can daga bayan gari sai aka ji motsin fukafukai, da yawa, da nauyi. Gaurakin suka bi ta saman gidan cikin ragowar jan sararin sama, ba wanda ya yi kuka a cikinsu. Mai Zobe bai ɗaga kai ba, amma bakinsa yana motsi, sabo ya sa yana ƙirgawa.

"Umma, yunwa nake ji," in ji Auta da muryarta.

Ranar Alhamis jami'ai suka zo. Ka ji abin haushi, ƙarfe takwas daidai suka iso, su da ba su taɓa cika alkawari ba. Suka zauna a bakin tafki da madubin hangen nesa har la'asar, tela yana ta yi musu fifita da rantsuwa. Ko balbela ba ta gifta ba. Mai Zobe ya zazzage musu zobba arba'in da ɗaya a kan mota. Babbansu ya juya ɗaya da ɗan yatsa, ya ce, "Malam, mu tsuntsu aka ce mu gani." Ya rubuta layi ɗaya ya rufe fayil.

Wata bai cika ba tifa ta farko ta wuce ta ƙofar gidan, ƙura ta rufe shanya. Auta ta murmure, tana bakin rariya tana wanke-wanke, ba ta tuna komai. Mai Zobe yana kan tabarma, babu takarda ko ɗaya a gabansa. Ya dubi matarsa da ta ajiye masa abinci, ya ce cikin ɗaci, "Kin gani ko? Na rasa fadamar. Shekara bakwai sun tafi a banza."

Ta gyara murfin kwanon, ba ta yi sauri ba.

"Baban Auta, ba kai kaɗai ka iya ƙirga ba," ta ce. "Ran nan da Malam ya tambaye ka, numfashi uku ka yi kafin ka amsa."