Golan da Ya Ari Littafi

Ranar da aka tafi hutun kakar wasa, shugabar laburaren unguwa ta sa ma'aikaciyarta Auta ta ware tebur guda na littattafan ƙwallo, ko samarin da suka rasa abin kallo za su leƙo. Auta ba ta taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Ta ɗebo littattafai tara, ta karanta abin da ke bayan bangonsu kawai, ta rubuta a kwali: "Karatun hutu mara nauyi ga masoya ƙwallo."

Tana cikin manna kwalin wani dogon saurayi ya shigo, hannunsa na hagu naɗe da bandeji. Littafin da yayarsa ta ara ya dawo da shi.

"Kana kallon ƙwallo?" Auta ta tambaye shi.

"Bugawa nake yi, Malama. Gola ake ce min."

"To, ka zo a daidai. Ga na barkwancin alƙalan wasa, ga na tafiye-tafiyen 'yan kallo. Wannan siririn kuwa naka ne, labarin wani gola da ya ci ƙwallo ɗari."

Gola ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya yi murmushi. Ya ɗauki siririn. Da ta miƙo masa fom ya cike, ya nuna mata bandejin.

"Taimaka min, Malama."

Ta cike masa, har da lambar waya. Sai bayan ya fita ta tuna a hannun dama ya riƙe biron. Ba ta kawo komai a ranta ba, don hankalinta na kan murmushin nan.

Bayan kwana huɗu ya dawo ya ɗauki na alƙalan wasa, ya kuma karɓi lambar wayarta. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Malama, na gama da alƙalan wasa, na yi dariya har hannuna ya motsa. Amma gaskiya ba don littafi nake zuwa ba. Idan kin ɗago kai daga teburinki, ji nake kamar na tare fenariti a minti na ƙarshe."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Golana, ban san daɗin tare fenariti ba, amma idan ya kai daɗin saƙon nan, ka ci gaba da tarewa."

Kafin hutu ya raba, ya ari littattafai shida, ta koma Autata a bakinsa. Yana ba ta labarin kowane littafi dalla-dalla, ita kuma tana gyaɗa kai kamar ta sani, tana addu'ar kada ya tambaye ta wane babi ta fi so.

Mahaifin Auta tsohon hedimasta ne, ya yi shekara talatin da alli a hannu. Da ya ji zancen, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ɗan ƙwallo? Ga Lakcara nan shekara biyu yana zarya, yaron da na koyar da hannuna, ki tsallake shi ki kawo min mai tsalle a gaban raga?"

"Baba, yana da hankali. Kuma yana karatu sosai."

"To ya zo in gan shi."

Ranar Asabar da la'asar Gola ya zo cikin farar riga mai guga. Ya tarar da Lakcara zaune a falo yana kaɗa ƙafa. Lakcara ya taɓa ganinsa a laburare, ya lura idonsa ba ya bin layi idan ya buɗe littafi. Bayan gaisuwa sai ya zaro siririn littafin nan daga jakar Auta da ke kan kujera.

"Baba, tunda an ce makaranci ne, ya ɗan karanta mana shafi ɗaya mana."

Baba ya miƙa masa littafin. Gola ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya haɗa baƙi biyu, ya tsaya. Ya sake farawa. Kalma ta huɗu ta gagare shi. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Ba a jin komai a falon sai ƙarar fanka, har Lakcara ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

Gola ya ɗago ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, a aji huɗu na bar makaranta," ya faɗa a hankali. "Ku yi haƙuri."

Ya ajiye littafin ya fita, bai ko tsaya ɗaura igiyar takalminsa ba.

Auta ta shige ɗaki ta buɗe saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kasa karanta layi guda, wa ya rubuta masa waɗannan? Da wa take soyayya duk makonnin nan? Ta tura masa: "Ka gaishe min da mai rubuta maka." Ba a amsa ba.

Mako biyu babu shi babu labarinsa. Ran nan wata mata sanye da kayan nas ta tsaya a gaban teburinta.

"Ni ce yayarsa, ni ce kuma mai rubutun. Amma wallahi ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Shi yake faɗa, in rubuta, in karanta masa, ya ce in goge in sake. Littattafan ma ni nake karanta masa idan na taso daga aiki. Da babanmu ya rasu, shi ya bar makaranta ya shiga gareji don ni in ƙarasa tawa."

Matar ta nuna siririn littafin nan a kan teburin ƙwallo.

"Kuma ƙanwata, golan littafin nan ba ƙwallo ɗari ya ci ba. Wasa ɗari ya yi ba a zura masa ba. Tun ranar farko ya gane ba ki san harkar ba. Na ce ya gyara miki, ya ce shi ba zai kunyata ki a wurin aikinki ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi ya rufa mata asiri makonni, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba ranar da ake masa dariya a falon gidansu.

Da ta koma gida ta durƙusa a gaban iyayenta ta faɗi komai, har da littattafai taran da ba ta taɓa buɗewa ba. Mama ta dubi mijinta.

"Malam, shekara talatin kana koyarwa. Ka taɓa tsayar da yaron da bai iya ba a gaban mutane, kana kallo ana masa dariya?"

Baba ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi da bakin rigarsa.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayar Auta.

"Ni ne. Da hannuna. Na ɓoye miki. Ina jin kunya. Ina sonki."

Daga baya Yaya ta gaya mata awa guda ya yi yana haɗa shi. Auta ta amsa da gajerun kalmomi, yadda zai iya karantawa shi kaɗai.

"Ni ma na ɓoye. Ka yafe min. Ka dawo, Golana."

Amma Baba ya riga ta. A ranar ya tafi filin da su Gola ke atisaye, ya tsaya a bayan raga da lemarsa har aka tashi. Gola ya zo ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Tashi, ɗana. Ni ne da jin kunya, ba kai ba. Gobe bayan ka karya ka zo gida. Allona na nan, ban yar ba."

Haka aka yi wata biyar. Kullum da safe Gola na zaune a barandar Baba da littafin rubutu, ƙaton hannun nan riƙe da fensir. Wata rana ya yi fushi ya ce kansa ya bushe, ya kwana biyu bai zo ba, Baba ya bi shi har gareji ya taso shi. Lakcara ya zo sau biyu, ya ga yadda Mama ke ajiye wa Gola shayi ba tare da an ce ta kawo ba, bai sake dawowa ba.

Auta ma ta zauna ta karance littattafan nan tara. Ranar Lahadi takan je kallon wasansu tare da Yaya, har ta fara yi wa alƙali ihu a kan satar gida, wani lokacin ma a kan gaskiya.

An ɗaura aure ana saura mako guda a sake tafiya hutu. 'Yan ƙungiyarsu suka cika layin, kocinsu na ta faɗa wa mutane cewa bana ƙwallo goma sha ɗaya kacal aka zura wa ango.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun cikin ɗaki ya rufe ƙofa. Ya riƙe hannun Gola, ya ɗora na Auta a kai.

"Ga ta nan. Tana da taurin kai, a wurina ta gado. Kai kuma kana da zurfin ciki. Duk abin da ɗayanku bai iya ba, ya faɗa wa ɗan'uwansa tun da wuri."

Ya juya ya dubi matarsa. Mama ta karɓe.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa wa juna, ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

"Amin, Mama," in ji Gola.

Auta ta share hawaye. Ta ƙara damƙe hannun mijinta, suka fita tare.