Mai Lambun Jami'a

Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Ƙawayenta suna kiranta Ta-Gaba, domin kullum ita ke zuwa ta ɗaya. Burinta ta shiga jami'a baɗi.

Babanta a jami'a yake aiki, kuma ta sha faɗa wa ƙawayenta haka. Abin da ba ta faɗa ba shi ne mai lambu ne. Da suka ɗauka malami ne, sai ta bar su a haka.

Ran nan aka ce za a kai 'yan ajinsu ziyara jami'a. Da Baba ya ji, ya yi murna ƙwarai.

Ya ce, "Ki neme ni a bayan sashen noma, kin ji?"

Ta ce, "To, Baba."

Da safe motar makaranta ta sauke su a bakin ƙofa. Suka shiga ɗakin karatu mai hawa uku. Suka leƙa wani aji mai kujeru hawa-hawa.

Wata ƙawarta ta riƙe baki. Ta ce, "Kai! Wannan ajin ai sai ya haɗiye makarantarmu har da mai gadi."

Suna cikin dariya, sai ga Baba ya turo baro cike da taki. Takalmin roba ne a ƙafarsa, duk laka. Ya hango 'yarsa, ya ɗaga mata hannu.

Ƙawarta ta ce, "Wa wancan mutumin yake ɗaga wa hannu?"

Ta-Gaba ta kau da kai. Ta ce, "Oho. Ina zan sani?"

Baba ya ji. Ya sauke hannunsa a hankali, ya ci gaba da tura baronsa.

Daga baya wata Farfesa ta kai su gonar gwaji. Ta ce, "Yau za ku ga yadda ake yi wa mangwaro aure. Ni a littafi na koya. Bari in kira muku wanda ya gyara mini hannu."

Sai ga Baba da 'yar wuƙarsa. Ya yanki reshe, ya tsaga wani, ya haɗa su, ya ɗaure da leda. Ɗalibai suka yi ta tafi.

Farfesa ta ce, "Shekara ashirin ɗalibanmu suna koyo a wurinsa. Baba, ba ka ce 'yarka tana cikin baƙin nan ba? Ina take?"

Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, "Wataƙila ba ta samu zuwa ba, ranki ya daɗe."

Kunya ta rufe Ta-Gaba. Ita ta ƙi shi, shi kuma ga shi yana rufa mata asiri. Ta ratsa ƙawayenta, ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba.

Ta ce, "Ga ni, Baba. Na gan ka ɗazu, na yi kamar ban san ka ba. Ka yafe mini."

Ƙawarta ta ce, "Au! Babanki ne? Da ni ce, da tun daga bakin ƙofa zan fara shela."

Baba ya ɗaga ta. Ya ce, "Na yafe. Tashi, kada ki ɓata kayan makaranta." Ya miƙa mata wuƙar. "Nuna musu abin da kike yi a gida."

Ta yanka, ta haɗa, ta ɗaure tsaf. Farfesa ta duba aikin da kyau, ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Ki dage da karatu. Ina jiranki baɗi."

Ta-Gaba ta juya ga 'yan ajinsu. Ta ce da ƙarfi, "Babana ne ya koya mini. Shi ne mai lambun jami'ar nan!"

Daga ranar ta gane cewa babu abin kunya a sana'ar halal. Abin kunya shi ne mutum ya ƙi iyayensa a gaban jama'a.