Mikoron da ya maƙale a hanyar Tahifet

Ranar da Sufyanu ya fara shiga butik ɗin Alhaji Mahamane a kasuwar Asihar, waya ce ta kawo shi. Alhaji ya tafi sallar azahar, 'yarsa Rakiyatu ce a bayan kanta, tana liƙe wata tocila da dalma.

"Salamu alaikum. Wayar antan nake so, mita biyar."

"Ta telebijin?" Ba ta ko ɗago ba.

"Ta rediyo. Ba irin na saurare kaɗai ba fa, irin wanda ake magana a ciki."

Ya faɗa yana wani ɗaga kafaɗa, don sati biyu ke nan da ya ci jarrabawar kulob ɗin masu rediyo, hukuma ta ba shi takardar izini da lambar kira, kuma duk Tamanrasat ba wanda bai gaya wa ba, har mai burodi.

Rakiyatu ta leƙa waje. Ga wata tsohuwar mota katkat fara, an ɗaure mata antan, wato eriya, a jikin madubi da roba, yana lilo kamar wutsiyar jaki. Dariya ta kufce mata.

"Wa ya ɗaura maka wancan?"

"Ni."

"Haka na zata. A tsakiyar rufin mota ake kafa shi, a kankare fenti gindinsa ya taɓa ƙarfe. Wayar wuta kuma daga batir kai tsaye, da fizibil mai katse wuta a tsakani, kar ka ƙone motar. Yadda yake ɗin nan, ko raƙumin da ke gabanka ba zai ji ka ba."

A nan ne ta ɗago suka haɗa ido. Yaro ya manta mita nawa ya ce.

Daga ranar, kullum sai ya zo sayen fizibil. Kafin wata ya mutu ya tara abin da zai ishi motoci goma. In dare bai yi nisa ba kuma sai saƙonsa ya shigo portabul ɗinta, wato wayar hannunta:

"Malamata, yau na yi magana da wani a In Ekker. Ya ce muryata ta fito tas. Na ce aikin wata mai hannun zinariya ne. Ya ce wa? Na ce sirri."

Ta mayar masa:

"Direba sarkin surutu. Ka duba ruwa da taya kafin ka duba rediyo. Allah ya tsare mini kai."

"Malamata, sake turo na ƙarshen nan, idona bai gani da kyau ba."

"Je ka kwanta."

To, surutun nan iyakarsa Rakiyatu. Da zarar Alhaji ya ɗago gilashinsa ya dube shi, sai harshen Sufyanu ya naɗe, ya gaishe shi da ƙyar, ya karɓi fizibil, ya fice. Ga kuma Salifu mai butik ɗin portabul na kusa, mai dogon takalmi da turaren da ke riga shi isa wuri. Shi in ya fara gaida Alhaji sai ya tambayi lafiyar kowa har awakin da aka baro a Maraɗi.

Wata Litinin Alhaji ya zaunar da 'yarsa.

"Uwata, dangin Salifu sun ce za su zo Juma'a neman aurenki. Ba zan yi miki dole ba. Amma direban nan naki, mai kai kaya Tahifet da Mertutek, mutum ne da ke ɓacewa cikin duwatsu kwana biyar, mace ba ta san ko yana raye ba. Ban da haka, wata huɗu ban taɓa jin magana ta mutane daga bakinsa ba. Ni ba na ba da 'yata ga wanda ban san cikinsa ba."

"Baba, kunyarka yake ji."

"To kunyar za ki aura?"

Sufyanu kuwa tun Lahadi ya tafi Tahifet, inda ba rezo, waya ba ta shiga. Salifu ya samu fili. Ya jingina da kantar shago, ya rage murya, ya ce wa Rakiyatu ai shi ba mai kai gulma ba ne, amma ta taɓa tambayar kanta wa ke ba direba kwandon ɓauren nan da yake dawowa da shi duk tafiya? An ce wata ce mai lambu a can.

Rakiyatu ta ce ita ba ta damu ba. Ta shiga bayan buhunan batir ta rubuta:

"An ce akwai mai ba ka ɓaure a Tahifet. In haka ne ka zauna ka ci da kyau. Juma'a dangin Salifu za su zo, Baba kuma ya ce kana ɓacewa cikin duwatsu, bai san cikinka ba."

Talata shiru. Laraba shiru. Gwaggonta Mairo, ƙanwar Alhaji, mai soya fanke a bakin butik, ta ce yarinyar nan sau uku tana ba mutane batir alhali kwan fitila suka tambaya.

Shi Alhaji yana da wata rediyo a saman shago da yake kama tashar 'yan kulob da ita, saurare kawai, don ya ji halin hanyoyin da kayansa ke bi. Ran Alhamis bayan la'asar ya kunna ta, ya ɗora shayi, maƙwabta suka zazzauna. Salifu na gefensa yana yi masa fifita da kwali.

Sai ga ƙarar inji daga rediyo, da ƙarar duwatsu suna bugun ƙasan mota. Can wata murya ta yi gyaran murya.

"Alhaji, barka da yamma... A'a. Baba, barka da hutawa, na zo ne... Kai, Sufyanu, ka zama mutum mana!"

Rakiyatu ta juyo ta dubi rediyon. Nan take ta gane. Ya hau tudun da ake samun rezo, saƙonta ya shigo, ya jefa mikoro a kujera ya taka mota, mikoron ya maƙale da maɓallinsa a danne. Yana koyon abin da zai gaya wa Baba ne, shi kaɗai a zatonsa, ga shi duk mai rediyo daga nan har In Ekker yana ji. Abin takaicin, muddin maɓallin nan na danne, shi ba ya jin kowa, ba mai iya ce masa ya rufe baki.

Ta kira portabul ɗinsa, ya riga ya gangara, ba rezo. Ta miƙa hannu za ta kashe rediyon.

"Bar shi, uwata," in ji Alhaji. "Yau na fara jin muryar yaron nan."

"Baba, gaskiya ni tsoronka nake ji," Sufyanu ya ci gaba. "In ka ɗago gilashin nan, ji nake kamar jandarma ya ce in kawo takardu. Shayinka kuma ba sukari, na sha na ce ya yi daɗi, Allah ya yafe mini... A'a, wannan ba zan faɗa ba."

Maƙwabta suka dubi kofunansu, kowa ya cije leɓe. Gwaggo Mairo ta baro kaskonta a wuta ta shigo har tsakiyar shago. Rakiyatu ta so ƙasa ta tsage.

"Wai mai ba ni ɓaure! Tsohuwa ce fa, haƙoranta uku, na kai ta asibiti bara, ta rantse ba zan ƙara barin garin hannu biyu ba. Ɓauren ma wa nake kawo wa? Har Salifu ya ci, da hannu bibbiyu."

Salifu ya tuna ya bar butik ba kowa. Turarensa ne kaɗai ya tsaya sauraron sauran.

Mota ta yi ta gurnani. Da muryar ta dawo, ta yi sanyi.

"Baba, ka ce ina ɓacewa. Gaskiyarka. Ina ɗan shekara takwas motar babana ta lalace a jeji, Innata ta yi kwana tara a bakin ƙofa, ko abinci a nan take ci. Ya dawo lafiya, amma ni ban manta fuskarta ba. Shi ya sa na yi wata shida ina karatun rediyon nan, ni da lekkol, makarantar boko, ta gagara. Ba zan yi maka ƙarya in ce zan bar hanyar ba, ƙauyukan nan in mace na naƙuda motata suke jira. Amma Rakiyatu ta fi ni kai sau goma. Bari ta yi jarrabawar, in kafa mata rediyo a ɗaki, duk la'asar ta ji ni, in ji ta. Ba za ta zauna a bakin ƙofa ba, Baba. Ina son ta. Wallahi ina son ta, har ban san inda zan sa kaina ba... To, ya Allah, ka sa in iya faɗin ko rabin wannan."

Alhaji ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Rakiyatu ta juya fuska ga bango, mayafinta ya jiƙe.

Sai mota ta faɗa rami, aka ji ƙwas, mikoro ya saki.

Ai kuwa tasha ta ɓarke. Wani daga In Ekker, wani daga Mertutek, da Hausa da Larabci da Tamashek, kowa na neman shiga. "Sufyanu, rabin sa'a ka tare mana tasha!" "In Alhajin na ji, don Allah ya ba shi!" "In bai ba shi ba, ni ina da 'ya!"

Can ƙasa-ƙasa muryar Sufyanu ta fito. "Duka... duka kuka ji?"

"Har shayin, sahbi, abokina!"

Ana gab da magariba katkat ta tsaya a ƙofar butik. Ya fito kamar wanda za a yanke wa hukunci, ya durƙusa gaban Alhaji, ya buɗe baki, ya rufe. Gwaggo Mairo ta ce, "Ku miƙo masa mikoro, ba ya magana sai da shi."

Alhaji ya tsiyaya shayi ya miƙa masa.

"Sha. Na sa sukari."

Sufyanu ya karɓa ya kurɓa.

"Ba sai ka maimaita ba, ɗana, na ji. Abin da mutum ya faɗa shi kaɗai a jeji, shi ne cikinsa. Gobe bayan masallaci ka turo manyanka. Mutanen Salifu ni zan je in ba su haƙuri da kaina." Ya juya ga 'yarsa. "Ko kina da magana, uwata?"

Rakiyatu ta rufe fuska ta ruga bayan buhuna. Daga can ta tura saƙo, ya yi ƙara a aljihun mutumin da ke durƙushe taku uku da ita:

"Zumana, ka kunyata ni a gaban duk yankin duwatsun Hoggar. Na yafe maka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Katkat goma sha ɗaya suka yi jerin gwano, kowace da antan ɗinta a tsaye, mutanen da ango bai taɓa ganin fuskarsu ba suna rungume shi suna kwaikwayon muryarsa. Salifu ma ya zo, ya ci shinkafa, ya yi hotuna da kowa. Gwaggo Mairo ta yi guɗa har muryarta ta dushe kwana uku.

Amarya ta ci jarrabawarta tun zaman farko. Tafiyar ango ta farko bayan biki, da la'asar ta yi sai ta zauna a ɗakinta, ta danna maɓalli, ta faɗi lambarta da tasa.

"Kana ina?"

"Na wuce rabin hanya, Malamata. Lafiya lau. Akwai maganar da nake so in gaya miki..."

"Riƙe ta sai ka iso. Mutane na ji."

Wani daga In Ekker ya ce, "Haba, amarya, ai mun saba!"

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka, ya kai duk matafiyi gidansa lafiya. Amin.