Kurciyar Bayan Tirela

Ranar da Mariamu ta fara ganin Filibus, yana tsugune a gefen titin jirgi na Agege a Legas, rigarsa ta fi allon da yake zanawa yawan launi. A shekarar 2000 ne, soja ba su daɗe da sauka ba, kowa na buɗe shago yana neman mai rubuta masa allo. Ita ma shagon ɗinki ta buɗe.

"Kai ne mai fenti?"

"A'a, likita ne. Ba ki ga jinin marasa lafiya a rigata ba?"

Ba ta yi niyyar dariya ba, dariyar ce ta ƙwace mata.

Bayan kwana uku ya kawo allon. Keken ɗinkin da ya zana kamar ka taka ya yi ƙara. A kusurwa kuma ga wata ƙaramar kurciya da ganye a baki, ƙarƙashinta an rubuta Filibus.

"Na ce maka tsuntsaye nake sayarwa?"

"Kurciyar Nuhu ce. Duk aikin da ya bar hannuna da ita yake fita. In ba kya so sai in goge, amma da allon duka."

"Bar ta. Ta fi ka kunya."

Daga ranar yake kiranta Kurciyata, ita kuma tana ce masa Likita.

Filibus ɗan Kaltungo ne, bai yi makarantar zane ba. Direbobin da ke kawo shanu mayankar Agege su suka ɗaga shi, suna ba shi bayan tirelolinsu ya zana zaki da dabino da "Allah Ya Kiyaye Hanya". Masu ba da shawarar banza ba sa ƙarewa a duniya. Sun ce masa ya cire sunansa ya sa na Musulmi, ciniki zai ninka. Ya ce sunan da aka yi masa baftisma da shi ba kayan sata ba ne da zai ɓoye. Ranar Lahadi kuma ko tirela goma ce a layi, buroshinsa na hutu, shi yana coci. Wasu sun yi fushi sun tafi. Wasu suka ce wanda bai ha'inci Ubangijinsa ba ba zai ha'ince su a fenti ba. Cikin waɗannan akwai Alhaji Hamani, direba mutumin Maraɗi. Kafin shekara biyu kurciyar Filibus ta san hanyar Apapa zuwa Sakkwato.

Amma ba ta iya shiga gidan Baba Gambo ba.

Baba Gambo, mahaifin Mariamu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo a cocin Hausa na unguwar. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne: tunda ya yi wayo bakinsa bai taɓa ƙarya ba. Mariamu na bayan labule ranar da Filibus ya je gaishe shi kan maganar aurenta.

"Yaro, an rubuta kada ka yi wa kanka siffar kome. Kai kuwa da siffofi kake cin tuwo."

"Baba, an kuma rubuta Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa don aikin zane. Ban taɓa durƙusa wa zakin da na zana ba."

"Ni za ka karanta wa Littafi? Akwai aikin gadi a wani kamfani a Apapa. Ka ajiye buroshi ka karɓa, sai mu yi magana."

"Na gode, Baba. Wanda ya ba ni hannun nan bai ce in zauna a bakin get da shi ba."

Baba Gambo ya nuna masa ƙofa. Dama akwai wanda yake so ta aura, Barnabas, ma'aikacin banki mai kwat da mota, wanda iyayensa ke Kaduna.

Mariamu ta ji zafin tsohon, ta kuma ji zafin saurayin. Lokacin wayar hannu ta shigo gari, sai ta aika masa:

"Likita, ashe gwangwanin fenti ya fi ni daraja. Gadi na wata shida kawai, a yi biki ka koma aikinka. Ka kasa?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Kurciyata, in na yaudari babanki don in same ki, ranar da zan yaudare ki na nan tafe. Ba zan fara gida da ƙarya ba."

Kwana biyu ba ta amsa ba. Rana ta uku ta rubuta:

"Kana da taurin kai kamar jakin Kano. Ni ma haka. Sai Barnabas ya nemi wata, ba ni ba."

Ta faɗa wa babanta ido da ido ba za ta auri Barnabas ba. Ya ce yarinta ce. A watan Nuwamba na 2002 ya shirya ya tafi Kaduna ganin iyayen Barnabas. Yana isa rikici ya ɓarke a garin.

Kwana huɗu babu labari. Mariamu ta rufe shago, ta kasa cin abinci. Filibus ya bi tashoshi yana tambayar duk direban da ya sauko daga Arewa.

Da hantsin rana ta biyar wata tirelar shanu ta toshe layinsu. Direban, Alhaji Hamani, ya sauko, sannan ya miƙa hannu ya sauko da wani tsoho cikin rawani da babbar riga. Sai da tsohon ya warware rawanin Mariamu ta gane babanta. Ta ƙwalla ƙara ta rungume shi. Maƙwabta suka taru, Filibus ma ya iso a guje.

"Filibus, ga surukinka na kawo maka lafiya lau," in ji Alhaji Hamani. "A tasha na tsince shi, ga hayaƙi ko'ina, ga samari da sanduna suna tambayar mutane suna. Kowa na roƙon in ɗauke shi, kamiyo kuwa, tirelar tawa ke nan, ta cika. Sai tsohon nan ya dafa kurciyar bayan motata ya ce ya san mai zanen. Na ce kowa ya san Filibus, kai mene ne naka? Ya ce shi ne uban matarka. Ai ban ƙara tambaya ba, na naɗa masa rawanina na sa shi gidan gaba. Amma kai ma ba ka kyauta ba. A yi biki ko goro ba ka aiko mini ba?"

Baba Gambo ya sunkuyar da kai.

Mariamu ta share hawayenta, ta durƙusa gabansa, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, tun ina goye nake jin bakinka bai taɓa ƙarya ba. Ga baƙo ya sa ransa a kan maganarka. Ka faɗa masa yanzu: ƙarya ka yi masa, ko gaskiya?"

"Mariamu, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka faɗa, Baba."

Filibus ya matso. "Baba, tsoro ne ya sa, ba na riƙe ka da..."

"Yi mini shiru! Wa ya ce maka na ji tsoro?" Tsohon ya daɗe yana kallon kurciyar da ƙurar hanya ta rufe, sannan ya juya ga direban. "Alhaji, ban yi maka ƙarya ba. Na dai faɗi maganar ne tun ranarta ba ta zo ba. Goronka na nan zuwa."

Aka ɗaura aure bayan Kirsimeti. Cocin ta cika, direbobi kuma suka jeru a waje cikin fararen kaya suna jiran a fito. Alhaji Hamani ya wanke tirelarsa tas, ya rantse amarya ba za ta shiga motar kowa ba sai tasa. Baba Gambo ya ɗora hannu a kan su biyun ya ce, "Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku, ya albarkaci aikin hannuwanku." Sannan ya ƙara da cewa, "Har da fentin."

Yau shagon Filibus ƙofa biyu ne, sunansa a sama da manyan baƙaƙe, na Mariamu a gefe. Masu cewa sai ka ɓoye sunanka ko ka jefar da baiwarka kafin ka ci abinci a Legas, su je Agege su duba ƙofar gidan Baba Gambo. Akwai kurciya a jiki. Tsohon da kansa ya riƙe gwangwanin fentin. Allah ya bar Filibus da Mariamu tare, ya ba su zuriya masu taurin kai a kan gaskiya.