Hannun da Ubaidu Ya Janye

Kawu Salmin ya shimfiɗa takardar asali ta jabu a tabarma, ya danne ta da kofin gahawa. An tsoma ta a shayi an shanya, har ta yi kamar ta girmi kakan kowa a garin Shibam.

"Ga asalinka, Ubaidu ɗan nema! Daga yau kai Sayyid ne, jinin Manzo. Za mu ce ubanka ya rasu can ƙasar Jawa."

"Kawu, Baba fa?"

"Shi zai zama baranka mai riƙe jaka. Ka taɓa jin an ba ɗan magini Sharifiya?"

Ubaidu ya dubi mahaifinsa. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"In dai za ka sami Alawiyya, ɗana, har takalminka sai in riƙe."

Ita kuwa Alawiyya tuni ta aiko wa Ubaidu: kada ka shigo gidanmu da rigar aro.

A garin Tarim, mahaifinta Habib Aidarus ya daɗe yana duban takardar. Ya kai ta hanci.

"Madalla," ya ce, ba murmushi. "Ku tashi ku gaida Sayyid."

Aka yi layi ana sumbatar hannun Ubaidu bisa al'ada. Na ƙarshe shi ne tsohon, jaka a kafaɗa, tafin hannunsa duk faso. Ya durƙusa, ya kai baki zai sumbaci hannun ɗansa...

Ubaidu ya fizge hannu! Ya zube, ya kama hannun tsohon yana kuka.

"Wallahi ubana ne! Magini ne, ni ma magini ne!"

Kawu Salmin ya sulale, ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

"Ku fita," in ji Habib.

Sau uku dabino ya nuna. Ubaidu na ta kwaɓa ƙasa, Alawiyya na ta mayar da masu nema. Rannan Habib ya aiko: katangarsa ta faɗi, su zo su gina.

Ranar da aka gama gini ya kira uba da ɗa.

"Tun da na ji ƙamshin shayi na gane. So na yi in ga ko za ka bar ubanka ya durƙusa maka. Dangina za su yi shekara ba su gaishe ni ba saboda wannan aure, amma na yarda. Na ba ka Alawiyya."

Tsohon ya goge ido da hannu mai laka.

To, samari, asali ba a aronsa. Wanda ya riƙe ubansa da gaskiya, haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Takalmin Kawu Salmin kuwa, har yau bai koma ɗauka ba.