Mai Dutsen Niƙa

Rana ta faɗi, duhu bai gama sauka ba, lokacin da jifan farko ya faɗo a kan rufin kicin. Kaka tana zaune a kujerar roba, tana kallon jikarta tana zuba tattasai da albasa a ɗan injin markaɗen da uban yarinyar ya sayo. Takwara ake kiran yarinyar, don sunan Kakar ta ci. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Kaka ta leƙa ta wanke su tas, har da iyayensu da ba sa kwaɓarsu. Ko yaro ɗaya babu a waje. Sai wani dutsen ya faɗo, wannan karon a cikin kicin ɗin, kusa da ƙafar yarinyar, alhali taga a rufe take.

Injin nan kuwa Kaka ba ta haɗa shi da komai. Kullum sai ta goge shi da gefen zaninta, ta lulluɓe shi da ƙyalle, ta sa wa ɗanta direba albarka har kunya ta kama shi. Surukarta, wadda tela ce, takan tsokane ta wai injin ya fi su fada a gidan. Kaka takan ce ƙwarai kuwa, ai shi bai taɓa ce mata ya gaji ba.

Wanda bai yi niƙa ba ne zai ga kamar ta yi yawa. Tun ba ta kai tsawon turmi ba gwaggonta ta durƙusar da ita gaban dutsen niƙa. Yaji ya shiga tsagar yatsu, ta manta ta sosa ido, ta ci gaba da turawa ba ta gani. Gwaggo ta zo ta murza markaɗen tsakanin yatsu biyu, in ta ji tsaki-tsaki sai ranƙwashi, a sake daga farko, ƙawaye kuwa ana jiyo su a waje suna wasa. Dutsen nan ya biyo ta gidan aure, ya biyo ta gidan ɗanta. Ranar da injin ya shigo, ta sa aka mirgina shi zuwa ƙofar banɗaki, ta mai da shi abin goge kaushi. Ta ce ya gama cin gwiwoyinta, yanzu sai ya ci dunduniyarta.

Jifa bai tsaya ba. Da magariba ta kawo kai, aka kunna inji, sai duwatsu su fara sauka. In an kashe, gidan ya yi tsit, sai a ji gurjin niƙa a hankali daga lungun da dutsen yake a da, lungun da babu komai sai tsintsiya. Wani lokaci a ji murya tana kiran sunan nan da tsohuwa da jikarta suka haɗa, su kalli juna, kowa ta ƙi amsawa.

Wata magariba aka nemi Takwara aka rasa. A lungun nan uwarta ta same ta, durƙushe, tana tura hannuwanta a kan siminti gaba da baya, ido buɗe ba ƙiftawa. Ubanta, mai ɗaga buhu shi kaɗai, ya kasa ɗaga ta. Sai da duhu ya rufe ta zube da kanta, tafin hannunta duk ya saɓule. Washegari haka, jibi haka. Yarinya ta daina zuwa makaranta, ko cokali ba ta iya riƙewa.

Tela ta yi kuka, ta ce a fitar da injin a huta. Direba ya miƙa hannu zai ɗauka, Kaka ta riga shi, ta ɗora abinta a cinya ta rungume. Ita ce kuma mai ɗaure wa yarinyar ciwon hannu da rana, tana shafa mai tana share ido da kafaɗa. Ta ce a nemo malami, amma injin ba inda za shi.

Malamin dattijo ne mai sanyin magana. Ya zo daidai lokacin da yarinyar ta durƙusa. Ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Hannuwan suka rage sauri, suka tsaya. Takwara ta juyo, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a shaƙe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

Ya tambaye ta ko ita wace ce. Ta ce ita ce mai dutsen, tana cikinsa tun ba a haifi kowa a ɗakin nan ba. Abin da ya zuba daga gefe in yarinya tana niƙa, da ruwan wankin dutse da ake watsarwa a ƙasa, su ne cimarta. Yanzu komai a cikin kwalba yake da murfi, a ɗauraye, ya bi bututu ya tafi. Ga yunwa, ga kuma ƙafa da ake goga mata a ka safe da yamma.

Malamin ya dubi Kaka ya ce wannan kam an wulaƙanta ta. Kaka ta ce ita ba ta san da mutum a ciki ba. Da ta sani, da tun tana yarinya ta ce ta fito ta kama mata.

Muryar ta faɗi sharaɗinta: a fasa injin, a mai da dutse lungunsa, yarinya ta riƙa durƙusawa kowace magariba kamar yadda aka saba.

Malamin ya ɗaga hannu don Kaka ta yi shiru. Ba ta yi ba.

"Ashe ke ce kika ƙoshi da ni," ta ce. "Ina niƙa ina kuka, kina ƙasa kina lasa. Ko sau ɗaya kin taɓa tura mini? Wannan injin da kike gani a cinyata, shi ya ce in zauna in huta. Ni an durƙusar da ni, ya wuce. Wannan yarinyar ba za ta durƙusa miki ba."

Wani dutse ya daki bango dab da kunnenta. Ba ta kauce ba.

Malamin ya koma karatu, yarinyar ta fara murƙususu, muryar ta ce ya tsaya, ya tsaya, yana ƙona ta. Ta rage kuɗin cinikinta: to a bar injin, amma a yi mata niƙa ranar da aka ga dama. Ya ce babu. To a riƙa zuba mata ɗauraya a ƙasa. Ya ce ko cokali ba za a ba ta ba, abin da ta ci a baya ma ba roƙa ta yi ba. Can ta ce, da ƙaramar murya, to a bar mata dutsenta.

Malamin ya dubi Kaka.

"Ta ɗauka," in ji Kaka. "Har da ɗan dutsen, kada ta ce an riƙe mata wani abu."

"Ranar da aka ɗauke wuta za ki neme ni," in ji muryar.

"Sai ki jira."

Ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ita da duk wani nata. Takwara ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce hannunta na zafi. Direba da malamin suka ciccibi dutsen suka sa a mota, suka kai shi can bayan gari inda babu gida.

Ba a jima ba kuwa, wata yamma an zuba kayan miya a inji, wuta ta ɗauke. Tela ta tsaya da murfi a hannu. Ta ce a hankali, ko ta leƙa maƙwabta, ta ji suna da ɗan ƙaramin dutse. Takwara ta dubi hannuwanta da ba su gama warkewa ba, ta dubi kakarta.

Kaka ta ce a miƙo mata wuƙa da faranti. Tana zaune a kujerarta ta yayyanka tattasan da albasar manya-manya, aka zuba a tukunya haka. Da Direba ya dawo ya ɗaga cokali, ya ga yankan albasa na yawo a miya, ya buɗe baki zai yi magana.

"Kana da haƙora," in ji Kaka. "Tauna."